Labarina na tsoro ba shi da aljani, masu karatu sun ce sai na saka

'Yar Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Na daɗe ina karanta muhawarorinku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai na kawo kukana.

Wata huɗu ke nan ina fama da wani gajeren labari. Yarinya ce 'yar shekara 19, na sa mata suna Rabi. Ta yi haihuwar fari, an dawo da ita gidan iyayenta wanka. Gida ne irin namu na cikin gari: zaure, tsakar gida, rijiya a gefe, sai ɗakin Iya kakarta inda aka yi mata shimfiɗa. Da asuba a hura itace a ƙarƙashin rabin duro, ruwa ya tafasa, ungozoma ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mata, da yamma a sake. Ga kunun kanwa, ga kauri, 'yan barka wasu na shiga wasu na fita. Wanda ya leƙo gidan ba abin da zai gani sai alheri.

Ranar da aka kwana uku, Iya ta ɗauko wata 'yar wuƙa mai baƙar ƙota ta tura ƙarƙashin matashin jaririn, kamar yadda tsofaffi suke yi wai don kada aljanu su taɓa yaro ko su musanya shi in an bar shi shi kaɗai. Rabi tana kwance tana kallo. Nan take wani abu ya gifta mata a rai, ta ga hannunta riƙe da wuƙar nan. Ba ta nufa ba, ba ta so ba, yaron nan kuwa kamar ta mayar da shi ciki don ƙauna. Amma daga ranar hoton ya ƙi barin ta.

Sai ta fara tsoron hannuwanta. Da ta gama shayarwa ta miƙa shi ga ƙanwarta Ummi. In ɗaki ya rage daga ita sai shi, sai ta zauna a kan tafukanta har su yi tsami. Ba ta bi ta bakin rijiya da shi, ba ta yarda a kawo shi kusa da duron ruwan zafi. Kullum dare, in gida ya yi tsit, ta zare wuƙar ta kai bayan randa ta ɓoye. Kullum gari ya waye, wuƙa tana nan ƙarƙashin matashi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da mutanen gida suke faɗa. Suna ganin tana gudun yaron sai su yi ta yabo. Ga wurin, kamar yadda na rubuta shi:

"Gwaggo ta tafa hannu ta ce, kai, Rabi akwai kunya. Ko kallon ɗan nan ba ta yi a gaban mutane, sai ka ce matan da. Ɗaki ya ɗauki dariya. Rabi ta sunkuyar da kai, tsananin tsoro da fargaba da firgici suka lulluɓe ta, ta ƙara danne hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta."

Na tura rabin labarin a wani zauren WhatsApp na marubuta da masu karatu. Mafi yawansu suka ce ya yi daɗi, amma yaushe aljanin zai fito? Tunda wuƙa tana dawowa, ai akwai mai dawo da ita, in nuna shi. Wata ta ba ni shawara in ce kishiyar uwarta ce ta yi mata ture. Wasu biyu kuma suka bi ni ta bayan fage suka ce in ji tsoron Allah, babu uwar da za ta yi wannan tunanin a kan ɗanta, ina ɓata sunan iyaye mata ne. Wannan ta yi mini ciwo ƙwarai, na yi kwana biyu ban buɗe wayar ba.

Ni ba na son aljani a labarin nan. Da zarar ya shigo, Rabi ta huta, mai karatu ma ya huta: a kira mai ruƙiyya, a yi hayaƙi, shi ke nan. Ni abin da nake so mai karatu ya ji shi ne zaman mutum da abin da ke cikin kansa, alhali ba shi da bakin gaya wa kowa. To amma in babu aljani, shin labarin tsoro ne a wajen Bahaushe, ko kuwa na ɗauko abin da ba namu ba? Kuma wa zai zama mai dawo da wuƙar? Ƙarshen ma ban same shi ba. Ina so in shigar da shi gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ba a wuce kalmomi 1500, ga shi tun ban gama ba na haura 2000.

Tsohon Malamin Hausa, Tudun Wadar Zariya:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi albarka. Na karanta sau biyu kafin in ce komai.

Masu cewa ki saka aljani ba su yi laifi ba, abin da aka shayar da mu ke nan. Tun muna zaune gaban kakanninmu ana ga ta nan ga ta nanku, abin tsoro daga waje yake zuwa. Dodo yana bakin rafi ko cikin kurmi, maye yana maƙwabta yana jiran kurwa, fatalwa tana hanyar maƙabarta, aljani yana kan kuka ko tsamiya da tsakar rana. Kowannensu yana da mazauni, kowannensu kuma yana da makari. Yaro ya ji tsoro, a ce ƙurunƙus, ya yi barci. Ke kin ɗauke abin tsoron daga kan tsamiya kin sa shi a ƙirjin yarinya, inda ba a yi masa ƙurunƙus. Dole wasu su ji kamar an ba su tuwo babu miya.

Amma batun cewa ba namu ba ne, wannan ban yarda ba. Saurari bakinmu kawai. Muna cewa zuciyata ta raya mini, zuciya ta ɗebe shi, na yi ta kokawa da zuciyata, zuciya mugun nama. Bahaushe ya daɗe yana magana a kan zuciyarsa kamar wata ce daban da suke zaune ɗaki ɗaya, wani lokaci ta ba shi shawara, wani lokaci ta kai shi ta baro. Na shekara fiye da 30 ina koyar da adabi, ban ga marubutanmu sun ci moriyar wannan yadda ya kamata ba. Ko a littattafai biyar na farko da suka fito daga Zariya bayan gasar 1933, akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Akwai asiri a cikinsa, gaskiya ne, amma ba asirin ne ke tayar wa mutum da tsigar jiki ba. Mutum ne aka ƙwace masa wadda yake so da ƙarfin dukiya, ya riƙe abin a ransa shekara da shekaru, har ramuwarsa ta kai ɗa ya kashe ubansa. In ɗalibaina suka gama karantawa, ba maganar boka suke yi ba, maganar wannan riƙon suke yi.

Abu mafi tsada a labarinki shi ne kunyar ɗan fari. Ki riƙe ta da hannu biyu. Akwai wata Ba'amurkiya, Charlotte Perkins Gilman, da ta buga wani gajeren labari a 1892 a kan mace da mijinta likita ya killace a ɗakin sama bayan ta haihu, ya hana ta rubutu, har ta fara ganin wata mace tana motsi a bayan takardar da aka manna wa bango. Tata matar kaɗaici ne ya cinye ta. Taki kuwa ko minti goma ba a barin ta ita kaɗai, ɗaki cike da masu ƙaunarta, kuma al'ada ta riga ta tanadar musu fassarar duk abin da suka gani. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To ga gida guda an tambayi fuska, fuska ta ba da amsa, kowa ya karanta ta a juye. Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai iya rubuta wannan ba.

Sai gyara. A ɗan abin da kika kawo kin ce "tsananin tsoro da fargaba da firgici suka lulluɓe ta". Ki goge wannan gaba ɗaya. Kalma uku kika jera don ba ki amince da hannuwan da ke ƙarƙashin cinya ba, alhali su kaɗai sun isa. Ki bi labarin daga farko, duk inda kika rubuta tsoro, firgici, tashin hankali, gabanta ya faɗi, ki cire ki ga ko wurin zai tsaya da ƙafarsa. Ina kyautata zaton a nan za ki sami kalmomi 500 ɗin da kike neman ragewa.

Aljani kuwa, ki bar shi a bakin mutanen gida. In Rabi ta fara ramewa, Gwaggo za ta ce iska ce, a nemo tazargade. Haka za a yi a gidan gaske. Ke dai marubuciya kada ki tabbatar, kada ki ƙaryata. Mai dawo da wuƙa ma, da ni ne, ba zan faɗa ba har labari ya ƙare.

Malamar Islamiyya, Katsina:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na ƙaru da bayaninku, sai dai a gafarce ni, wuri ɗaya ban bi ku ba.

In aka bar maganar wuƙa a buɗe, rabin masu karatu za su rufe labarin da yaƙinin aljani ne, sauran su ce Rabi ce take tashi cikin barci. Duka biyun sun kauce wa abin da 'yar uwata take son faɗa. Ni a ganina a bayyana.

'Yar uwa, aljanu gaskiya ne, sura guda aka saukar da sunansu, kuma ina roƙon ki kada labarin ya zama wurin yi wa ruƙiyya dariya. Amma ba duk abin da ya sami mutum ne shafar aljani ba, kuma addini bai ce haka ba. Abin da kika siffanta yana da suna a wurinmu, waswasi. Muna karanta shi kullum a Suratun Nasi, mai sanya waswasi a cikin ƙirazan mutane. A Suratu Yusuf aya ta 53 an ambaci rai mai yawan umurni da mummuna, a Suratul Ƙiyama aya ta 2 an yi rantsuwa da rai mai yawan zargin kansa. Ashe kokawar cikin ƙirji ba baƙuwa ba ce.

Waɗanda suka ce miki babu uwar da za ta yi wannan tunani, da sun san hadisin nan da ba su faɗa ba. Yana cikin Sahihu Muslim, daga Abu Huraira: wasu sahabbai suka zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin wani abu a ransu wanda ɗayansu yake ganin girman ya furta shi. Ya tambaye su ko lalle sun ji hakan, suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai suka yi bayani cewa ba tunanin ne imani ba, ƙyamar da suka ji da shi ita ce. Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da rayukansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko su furta.

Na taɓa koyar da wata baiwar Allah da take yin alwala sau bakwai, sau takwas, har fatar hannunta ta tsattsage, lokacin salla ya fita tana bakin famfo tana kuka. Shekara biyu tana ɓoyewa don tana ganin ta kafirta. Da labari irin naki ya zo hannunta a lokacin, da ta san ba ita kaɗai ba ce.

Roƙona biyu. Kada ki zana abin da Rabi take gani a ranta dalla-dalla, hannu da wuƙa sun isa, jariri ne. Sannan ita kanta wuƙar matashi camfi ce, malamai sun daɗe suna hana dogaro da irinta, kariya tana ga Allah da addu'o'in da aka koyar. Ba na cewa ki sa wa'azi, amma kada labarin ya nuna kamar wuƙar ta yi wani amfani.

Anti Nas, Kaduna:

Ƙanwata, ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai nake yi. Shekarata 16 ina aikin jinya a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma Rabi ta sha zama a gabana da sunaye daban-daban. Da na kai wurin zama a kan tafin hannu sai da na ajiye wayar, domin na ga wannan da idona.

Zan faɗa miki abin da muka sani, don ƙarshen labarin ya zauna a kan gaskiya. Abin da ke samun mai jego ba iri ɗaya ba ne. Akwai kukan da ke zuwa a kwanakin farko, mace ta yi ta hawaye ba dalili, wannan yana da yawa ƙwarai kuma yakan wuce kafin mako biyu. Akwai ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda yake zama ya daɗe, yana kama fiye da mace ɗaya a cikin goma. Sai mai tsananin, wanda ke samun kamar mace ɗaya ko biyu a cikin 1000, galibi a makonni biyun farko: barci ya ƙaurace gaba ɗaya, magana ta rikice, ta ji muryoyi, ko ta yi imani an musanya mata yaro, ko an umurce ta da wani abu. Wannan na gaggawa ne, a ranar ake kai ta asibiti, kuma ba a barin ta ita kaɗai da jariri.

Rabi ba ta cikin wannan na ƙarshe. Tunani ne yake faɗo mata wanda take ƙi, ta san nata ne, ta san mummuna ne, duk dabararta ta nisanta yaron daga haɗari ce. Mata da yawa masu sabuwar haihuwa suna samun irin wannan giftawar, har da maza, yawanci ta zo ta wuce. Wasu kuma ta kama su ta zama ciwo, irin na mai maimaita alwalar da Malama ta ambata. Abin da aka sani a aikinmu shi ne irin waɗannan matan ba su ne ke cutar da 'ya'yansu ba. Su ne ke ɓoye wuƙaƙen gida, su ne ke tashi sau goma cikin dare suna kara yatsa a hancin yaro su ji ko yana numfashi. Kuma yadda suke ƙoƙarin korar tunanin, haka yake ƙara naci.

Saboda haka don Allah kada ki sa ta ji murya tana kiran sunanta don a ƙara armashi, in kin yi haka kin koma wani ciwon daban. Kuma kada ki sa ta aikata. Na san ƙarshe mai jini yana girgiza mai karatu, amma ƙarya ce a kan irin Rabi, kuma akwai mai jegon da za ta karanta shi ƙarfe biyun dare da yaro a cinya, ta ce ashe haka zan ƙare. Ba na ce ki yi ƙarshe mai daɗi ba. Ki dai bar ƙofa ko da a sakaye ce, mutum ɗaya da ya lura.

Abin da ke hana su magana na sha ji daga bakinsu: za a karɓe yaron, za a gaya wa dangin miji, za a ce an kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, sunan ya bi ta har 'ya'yanta su tashi aure. Alhali ciwon yana jin magani. Akwai zama da likita ana koya wa mace yadda za ta daina gudun tunanin, akwai kuma magungunan da ake ba mai shayarwa. Ga asibitin Barnawa a nan Kaduna, ga Dawanau a Kano, ga Kware a Sakkwato, ga na Maiduguri, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta shiga ɗakin mai jego, labari kuwa yana shiga.

Tunda kin ambaci kanwa da ruwan zafi, in ƙara da wannan ko da ba shi ake magana ba: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta alaƙar yawan kunun kanwa da gashin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. In mai jego tana kumburin ƙafa tana haki, a daina cewa jego ne.

Ɗan Birni, Damagaram:

Salamu alaikum. Gaisuwa ga Baba Malam da Malama da Anti.

Mu nan da Faransanci muka yi lakkol, wato makarantar boko, kuma a can na gamu da labarin da ya hana ni barci ina saurayi, Horla na Guy de Maupassant, wanda ya fito a 1887. Mutum ne mai rufin asiri, yana rubuta abin da ke faruwa da shi rana bayan rana. Ya fara jin kamar wani abu yana hawa ƙirjinsa cikin barci, irin abin da muke ce wa dannau. Sannan ya lura ruwan da yake ajiyewa a ɗaki yana ƙarewa kafin safe. Abin da ya kama ni shi ne bai tsaya kuka ba, gwaji ya shiga yi. Ya ajiye ruwa da madara da burodi da wasu abubuwa, da safe ruwa da madara ne kawai suka tafi. Ya naɗe kwalaben da farin ƙyalle, ya shafa baƙi a leɓɓansa da gemunsa da hannuwansa, don in shi ne yake sha cikin barci a ga shaida. Ya farka, ƙyalle fari tas, kwalabe babu komai. Ƙarshenta ya cinna wa gidansa wuta don ya ƙone abin, ya manta barorinsa suna ciki. Shi kansa marubucin a gidan masu taɓin hankali ya rasu a Paris a 1893.

Abin da na koya a nan, mai hankali ya fi ban tsoro a labari irin wannan. In Rabi tana kwance kawai tana jin tsoro, za mu tausaya mata daga nesa. In ta tashi tana bincike kamar yadda ni ko ke za mu yi, to mun shiga rigarta. Yarinya mai wayo da ta ga wuƙa tana dawowa kwana biyar a jere ba za ta zauna ba. Ga toka nan a murhun ruwan wanka, tuli guda kullum. Ta ɗebo ta barbaɗa a bayan randa, da asuba ta je ta duba sawu. Sawun wa za ta gani, wannan naki ne. In da ni ne, a ƙafarta zan sa tokar.

'Yar Gwammaja:

Na rasa bakin godiya. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan magabata.

Baba, na bi labarin da jan biro kamar yadda kuka ce. Kalmar tsoro da 'yan uwanta sun fito sau 31. Na bar guda biyu. Yanzu yana 1640, kuma ya fi da nauyi.

Yayana na Damagaram, na karɓi tokar, amma ba zan sa ta a ƙafar Rabi ba. Na rubuta hakan na gani, ya ba da tsoro sosai, sai dai ya mayar da ita mai yawo da wuƙa ba ta sani ba, wato abin da take zargin kanta da shi ya tabbata. Bayan abin da Anti ta faɗa ba zan iya yi mata haka ba. Baba, ku yi haƙuri, a nan na bi Malama, zan bayyana.

Sawun Iya ne. Tun farkon labari na sa Iya tana jan ƙafar hagu, to da asuba Rabi ta tarar da sawu ɗaya cikakke, ɗaya kuma dogon ja a cikin toka. Ta ji sanyi a ranta, har ta kusa dariya, ashe ba ita ba ce, ba kuma wani abu ba ne. Tana cikin wanka, ungozoma tana fyaɗa mata ganye, sai lissafin ya zo mata. In Iya ta san inda wuƙar take kullum, to idonta biyu. Ke nan dare goma sha tara tsohuwar nan tana kwance a gadonta cikin duhu, tana kallon jikarta ta sunkuya a kan jariri ta miƙe da wuƙa a hannu. Kuma ba ta taɓa cewa uffan ba. Da safe ta miƙa mata kunu ta ce sannu Rabi.

Daga nan sai ranar arba'in. An yi kitso, an sa lalle, ana haɗa kaya za a mayar da ita ɗakinta, inda miji zai fita tun safe ya bar ta daga ita sai yaron. Iya ta naɗe wuƙar a tsumma za ta tura cikin akwati, sai ta tsaya, ta daɗe tana kallon Rabi, ta mayar da ita cikin lalitarta. Ta ɗaga murya ta ce wa uwar Rabi, Ummi ta bi ta, ta kwana biyu a can. A nan na tsaya. Anti, ban sani ba ko wannan ƙofar ta isa, ki gaya mini gaskiya.

Akwai abin da ban faɗa ba a farko. Ɗana na fari yana aji uku na firamare yanzu. Tamu ba wuƙa ba ce, rijiya ce, kuma ni ba a sami wanda ya lura ba, an dai yi ta yabon kunyata har na yi arba'in. Shekara takwas ban gaya wa kowa ba, har mahaifinsa. Malama, hadisin nan na taɓa jin sa a makaranta, amma ban taɓa sanin da ni yake ba sai jiya. Na idar da sallar isha'i na daɗe a kan darduma.

Anti, zan neme ki ta akwatin saƙo in ba damuwa, akwai wata ƙanwar ƙawata da ta haihu watan jiya, an ce ita ma kunya gare ta sosai.

Saura kalmomi 140 in cire. Ina tunanin wurin 'yan barka ne zai tafi, sai dai a nan maganar Gwaggo take, ita kuwa ba zan taɓa ta ba.